Harshe a Cikin Waya: Ina Gaskiyar “Kwana Talatin”?

Tun da aka sanar a watan Satumban 2025 cewa Sinanci ya shiga tsarin karatun manyan makarantun sakandare na Najeriya, masu tallan koyar da harsuna ta waya suka samu sabuwar hujja. Da ma can tallan ba baƙo ba ne. Duk mai WhatsApp ko TikTok ya saba cin karo da shi: Larabci cikin kwana talatin, Turanci a sauƙaƙe cikin mako huɗu, har da takardar shaida. Ka tura ’yan dubbai, a jefa ka cikin zaure mai mutum ɗari uku, kullum da safe a sako darasi. Yanzu ga Sinanci domin ’yan kasuwar da ke saro kaya daga Guangzhou, ga Jamusanci domin matasan da ke hangen aikin jinya a Jamus.

A can gefe kuma akwai masu taɓe baki. Su a wurinsu duk wannan shiririta ce, harshe sai an je ƙasar masu shi, ko aƙalla an durƙusa gaban malami. Musun yakan yi zafi, alhali kuwa ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suke yi. Dukansu suna maganar waya kamar ita ce malamin, waɗannan na cewa ta iya koyarwa, waɗancan na cewa ba ta iya ba. Tambayar da aka tsallake ita ce: idan ɗalibi ya buɗe baki ya yi kuskure, wa zai amsa masa?

Zancen kwana talatin dai lissafi kaɗai ya ishe shi. Ma’aikatar Harkokin Wajen Amurka tana da cibiyar da ke koya wa jami’an diflomasiyyarta harsuna kafin a tura su aiki, kuma shekara da shekaru tana lura da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iya gudanar da aiki da harshen. Faransanci da Sifaniyanci, waɗanda suka yi kusa da Turanci, mako 24 zuwa 30 ne. Indiyanci da Turkanci da Rashanci mako 44. Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci kuwa mako 88, wato awa 2,200 a cikin aji, ban da karatun gida. Kuma waɗannan ɗalibai ba su da wata sana’a sai karatun, albashi ake biyan su su zauna su koya a ƙananan azuzuwa. To, kwana talatin awa 720 ce, idan mutum bai runtsa ba, bai ci abinci ba, bai tashi salla ba. Wanda kuma yake ɗan latsa manhaja minti goma sha biyar a kullum, shekara za ta zagayo bai tara awa ɗari ba.

Gaskiya ne an yi wannan lissafi ne a kan masu jin Turanci. Bahaushen da ya yi makarantar allo da Islamiyya ba daga tushe zai fara Larabci ba. Ya san baƙi da wasali, kunnensa ya saba da sautukan, ga tarin kalmomin Larabci da suka daɗe da zama ’yan gida a Hausa. Haka nan Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke sauya ma’ana, saboda haka karin sauti huɗu na Sinanci ba zai zo masa da mamakin da yake zo wa Bature ba. Sai a yi masa ragi. Amma ragi daban, kyauta daban.

Kuskuren da ya fi wannan girma, kuma ya fi cin kuɗin mutane, shi ne zaton cewa kallo da sauraro sun wadatar, wai idan kunne ya sha harshe ya ƙoshi, baki zai buɗe da kansa. Mu ya kamata mu fi kowa sanin cewa ba haka abin yake ba. Fiye da shekara hamsin ana kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa, daga gidajen sinima zuwa kaset, zuwa faifai, zuwa waya. Akwai waɗanda suka haddace waƙoƙin baiti-baiti, suna faɗin abin da jarumi zai ce tun bai ce ba. A ɗauki ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti a Delhi, a ce ya yi wa ma’aikaciyar jinya bayanin inda ke yi wa mahaifinsa ciwo da tun yaushe ya fara. Nan ido zai raina fata. ’Yan ƙalilan ɗin da suka iya Indiyanci da gaske, idan ka bincika, za ka tarar sun ƙara da wani abu bayan kallon.

Masana sun auna wannan a ɗakin gwaji. A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami’ar Washington da ke Seattle suka wallafa wani bincike a kan jarirai ’yan wata tara, daga gidajen da Turanci kawai ake yi. Kashi ɗaya aka riƙa kai su zama da masu jin Sinanci, zama goma sha biyu, ana yi musu wasa ana karanta musu littafi cikin harshen. Wani kashi aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin suna irin wannan magana, wani kashin kuma murya kawai aka sa musu. Da aka gwada su, jariran da suka zauna da mutane ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci da babu su a Turanci, daidai da jariran Taiwan da aka haifa cikin harshen. Na talabijin da na murya kuwa ba su fi waɗanda ba su taɓa jin Sinanci ba.

Mai taɓe baki zai ce, to kun gani. Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A 2014 Sarah Roseberry da Kathy Hirsh-Pasek da Roberta Golinkoff suka fitar da nasu gwajin a kan yara ’yan shekara biyu zuwa biyu da rabi, inda aka koya musu sababbin kalmomin aikatau ta hanya uku. Wasu da mutum a gabansu, wasu ta kiran bidiyo na Skype, wasu kuma ta bidiyon da aka riga aka naɗa. Na farko sun koya. Na kiran bidiyo ma sun koya. Na bidiyon da aka naɗa ne kawai suka tashi a tutar babu. Gilashin da na biyu suka kalla shi ne na ukun suka kalla. Bambancin kawai shi ne a kiran bidiyo matar da ke magana tana ganin yaron, tana kiran sunansa, tana jiran ya amsa, tana gyara maganarta gwargwadon abin da ya yi.

Babba ba jariri ba ne, kuma babba yana ƙaruwa sosai da bidiyo da rediyo, wannan ba abin musu ba ne. Ba a iya harshen da ba a sha jin sa ba. Amma abin da aka gani a Kanada ya nuna iyakar sauraro. A can an buɗe makarantun da ake koyar da ’ya’yan masu jin Turanci darussansu cikin Faransanci, shekara da shekaru. Merrill Swain ta bi diddigin irin waɗannan ɗalibai, ta ga fahimtarsu ta kusa kamo ta ’yan asalin harshen, amma idan suka zo magana ko rubutu sai nahawun ya riƙa ɗingishi. Bayanin da ta bayar a 1985 mai sauƙin ganewa ne. Mai sauraro yana iya tsintar kalma uku cikin goma, ya haɗa da fuskar mai magana da yanayin wurin, ya cinki ma’ana, ya ji a ransa ya gane. Mai magana ba shi da wannan mafaka. Dole ya ɗora jimla da hannunsa, a nan ne zai ga ramin da ke cikin saninsa. Idan kuma abokin magana ya yamutsa fuska ya ce “me ka ce?”, dole ya rushe ya sake gini. Wannan ’yar tsayawar, da take sa mutum jin kunya, a cikinta ake koyon. Bahaushen da ke musanya sautin “p” da “f” a Turanci ba ya jin kansa yana yi, domin a harshensa ba a raba su ba. Zai iya kallon bidiyo dubu bai sani ba. Ranar da wani ya kasa gane shi, ranar zai fara ji.

Tsangaya ta san wannan tun kafin a haifi kakannin masu binciken. Almajiri yana rubuta allonsa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ga tilawa, ana komawa baya a kai a kai don kada na jiya ya zube. Wannan rabin aikin manhaja ta iya shi sosai. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan karatu, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Manhajoji irin su Anki a kan wannan aka gina su: kalmar da ka riƙe da kyau sai a jinkirta dawo maka da ita, wadda kake tuntuɓe a kanta a dawo da ita gobe. Tilawa ce da na’ura ke tsara wa lokaci, kuma ba ta gajiya. Amma a tsangaya ba a wanke allo sai an biya gaban malam ko gardi, ya saurara, ya tsayar da kai a inda ka ja abin da ba a ja, ya sa ka sake. Ba a taɓa yin alaramman da ya samu haddarsa ta zama kusa da lasifika ba. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari uku, wanda mutum ɗaya ke zuba darasi sauran na tura alamar babban yatsa, tsangaya ce da malam ke karatu ta lasifika, bai taɓa sauraron allon kowa ba, kuma a ƙarshen wata yana raba takardar sauka.

Ba ina cewa a goge manhajar Duolingo ba ne. Luis von Ahn, ɗan ƙasar Guatemala da ya kafa ta tare da Severin Hacker, ya buɗe ta ga jama’a a 2012, kuma ta kai darasin kyauta hannun miliyoyin da ba za su iya biyan kuɗin aji ba. Tana da amfani wajen tara kalmomi da sabawa da baƙaƙe. Sai dai a tuna kamfani ne, kuma ribarsa tana cikin ka dawo gobe. Shi ya sa take ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi. Mutum sai ya wayi gari yana tsaron wannan lambar kamar jari, yana yin darasi mafi sauƙi da tsakar dare don kada ta karye, ya manta abin da ya kawo shi. Ga kuma matsalar tsani: yawancin irin waɗannan manhajoji ta Turanci ko Faransanci suke koyarwa, saboda haka wanda Turancinsa bai nuna ba yana fama da harshe biyu ne a lokaci guda. Mai neman Larabci kuma sai ya yanke shawara tun farko, domin Larabcin manhaja yawanci na littafi ne da labarai, ba shi ne direban tasi ke yi a Jidda ba, ba kuma shi ake ciniki da shi a Alƙahira ko Njamena ba.

Hanyar da ta fi amfani ta girmi wayar da ke hannunmu. A farkon shekarun 1990 Helmut Brammerts na Jami’ar Bochum da ke Jamus ya fara haɗa ɗalibai biyu-biyu daga ƙasashe daban-daban ta wasiƙar imel, kowa na koyon harshen ɗan’uwansa. Ƙa’idar ba ta da yawa: a raba lokaci biyu daidai, rabi da harshenka rabi da nawa, ka gyara mini in gyara maka. A 2006 wata jami’ar jihar Sao Paulo a Birazil ta ɗauki tsarin ta mayar da shi kan kyamarar kwamfuta. Abin da manhajojin HelloTalk da Tandem ke yi a yau ke nan, italki kuma tana haɗa ɗalibi da malamin da zai biya kuɗin awa. Kada Bahaushe ya ɗauka ba shi da hajar da zai kai wannan kasuwa. Ana koyar da Hausa a Jami’ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, da Jami’ar Warsaw, da cibiyar koyar da harsunan gabas ta Paris, kuma ɗaliban can ƙishirwar mai magana da su suke yi. Wanda Turancinsa ke da kyau kuwa, masu neman sa sun fi a ƙirga.

A ganina, kayan aikin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda muka fi rainawa, wato saƙon murya. Mun riga mun ƙware a kansa, har tsofaffin da ba sa rubutu. Ba ya cin data kamar kiran bidiyo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ba ya bukatar ku zauna a lokaci ɗaya, ga shi Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai. Kana iya sauraron amsar abokinka sau biyar, ka saurari taka muryar kusa da tasa ka ji inda kuka rabu. Illarsa ita ce yana ba ka lokacin shiri fiye da yadda rayuwa ke bayarwa. Kana iya gogewa ka sake har ya yi kyau, abin da ba za ka samu ba a gaban jami’in shige da fice. Don haka ko sau ɗaya a mako a yi kira kai tsaye, a sha kunyar. Idan kuma zaure za a yi, mutum biyar ko shida sun isa, yadda kowa zai yi magana kuma a san wanda ya yi shiru.

Akwai ƙaya a hanyar, ba sai an faɗa da yawa ba. Mata suna gamuwa da waɗanda ba harshe ya kawo su ba. Akwai ’yan damfara ta kowane ɓangare, kuma ayyukan namu ’yan damfarar sun sa wasu baƙi suna ja da baya da zarar sun ga lambar Najeriya. Sai an yi haƙuri, kuma duk abokin karatun da ya fara zancen kuɗi, karatu ya ƙare.

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 an samu sabon abokin hira da ba ya barci. Ƙirƙirarriyar basira tana amsawa, tana gyara jimla, ba ta dariya, kuma ga mai jin nauyin baki wannan babbar dama ce ta yin atisaye. Aibinta yana cikin kirkinta. Ko yaya ka murɗe jimla za ta gane abin da kake nufi ta ci gaba da hira, alhali mai shago a birnin Yiwu na Sin kallon ka kawai zai yi. Takan kuma faɗi kuskure da cikakkiyar murya, musamman idan ka nemi ta yi maka bayanin nahawu da Hausa. A yi atisaye da ita, a je a gwada a kan mutum.

Masu cewa girma ya kama su kuma, uzurinsu rabi ne. Wani bincike da Joshua Hartshorne da Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka wallafa a 2018, wanda kusan mutum 670,000 suka amsa tambayoyinsa ta intanet, ya nuna ƙarfin kama nahawu yana nan daram har wajen shekara 17 zuwa 18 kafin ya fara sauka. Wanda ya fara da furfura da wuya a ɗauke shi ɗan gari. To amma Alhajin Kantin Kwari ba so yake a ɗauke shi ɗan Guangzhou ba, so yake ya san abin da tafinta ke faɗa a madadinsa.

Abin da ya rage shi ne hukuma. Gwamnati ta taɓa gane cewa harshe sai da mutane, shi ya sa ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno, domin ɗaliban jami’a su je su zauna cikin harshen. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. Shekara kusan talatin ke nan, sai mai karatu ya duba unguwarsu ya ƙirga waɗanda suka gama sakandaren gwamnati da za su iya tambayar hanya a Kwatano. Sanarwa ba ta da wuya, malamai ne ke da wuya. Yanzu ga Sinanci, kuma cibiyoyin Confucius da aka buɗe a Jami’ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami’ar Legas tafiya ce mai nisa daga Gumel ko Argungu. A nan ne kiran bidiyo zai iya yin aikin da ba a taɓa samu ba: malami ɗaya a Legas ko Beijing, ƙaramin aji a ƙauye, yana jin kowane yaro yana gyara masa. Sai dai hakan na bukatar wuta, da intanet mai ƙarfi, da albashin da ba ya makara, abubuwan da ba a yanka musu kirtani a gaban ’yan jarida. Abin da nake tsoro shi ne a ba da kwangilar ƙananan kwamfutoci, a cika su da bidiyon da aka naɗa, a ɗauki hoto, a ce an kawo ilimin zamani. Kashi na uku ke nan a gwajin yaran nan na 2014, waɗanda suka tashi a tutar babu.

Game da takardar shaidar da ake tallatawa kuwa, wanda ke da niyyar fita waje ya sani ba ta wuce ƙofar ofishin jakadanci. Turai tana auna iya harshe da matakai shida da aka tsara a 2001, daga A1 zuwa C2. Jamus a bisa ƙa’ida tana neman A1 ga mai zuwa zama da mijinta ko matarsa, aikin jinya kuwa yana neman abin da ya fi haka nesa. Takardun da ake karɓa na jarrabawa ne irin ta cibiyar Goethe, wadda ke da reshe a Legas, ko DELF ta Faransanci, ko HSK ta Sinanci, ko IELTS ta Turanci. A IELTS akwai sashen da za a zaunar da kai da mai jarrabawa, ya yi ta jefo maka tambayoyi na minti 11 zuwa 14, yana rubuta maki a kan abin da ya fito daga bakinka.